Mas'alar Takardar Haihuwa Ga Mai Son Matarsa Ta Tare A Wata Ƙasa

 Mas'alar da za mu duba yau ita ce ta takardar haihuwa, da yadda ta zama shinge tsakanin miji da matarsa idan Allah ya sa mijin yana zaune a wata ƙasa, ya kuma nemi a ba matar izinin ta tare a can. A da wannan magana ba ta shafe mu ba. Falke yakan tashi daga Kano ya nufi Gwanja, ya yi shekara goma a zangon Salaga ko na Kumasi, ya aiko a ɗaura masa aure a gida, a haɗa amarya da ayari, ba wanda zai tare ta a hanya ya ce ta faɗi ranar da aka haife ta. Yau kuwa 'ya'yanmu da ƙannenmu sun watsu cikin duniya, waɗansu karatu ya kai su, waɗansu likitanci, waɗansu saye da sayarwa, tun daga Jidda har Landan har biranen Amurka da Kanada. Kowane ɗayansu in ya yi aure a gida, ranar da ya ɗauki alƙalami zai cika takardun neman biza ga iyalinsa, sai ya tarar ana tambayarsa wace ce wannan mata, yaushe aka haife ta, a wane gari, su wane ne iyayenta, ina kuma shaidar hukuma a kan haka.

Na sha jin mutane suna ƙorafi, suna cewa ina ruwan aure da takardar haihuwa, tun da an ɗaura shi gaban liman da shaidu, an ba da sadaki, an raba goro, gari duka ya sani. Wannan magana tana da fuska, amma mai yinta ya mance da abu guda. Garin da ya sani ba shi zai ba da biza ba. Mai ba da ita wani ma'aikaci ne da ke zaune bayan gilashi a ofishin jakadanci, bai taɓa zuwa unguwarku ba, bai san limaminku ba, kullum kuwa yana ganin mutane da yawa, cikinsu har da waɗanda suka ƙulla auren ƙarya don su sami shiga. Takardar aure tana gaya masa an ɗaura wa wane da wance aure, amma ba ta gaya masa cewa wannan da ke tsaye gabansa ita ce wancen ba. Abin da ke ɗaure mutum da sunansa, ya ɗaure sunan da iyaye da gari da shekara, shi ne rubutun da aka yi tun yana jariri, sa'ad da ba wanda ya san zai girma ya nemi biza, balle a yi zargin an shirya rubutun don wata bukata. Ƙarfin takardar haihuwa duk daga daɗewarta yake.

Bari mu ɗauki tsarin Amurka mu yi misali da shi, domin matakansa a fayyace suke. Mijin, ko ɗan ƙasa ne ko mai izinin zama na dindindin, yakan fara da aika wa hukumar shige da fice takardar roƙo mai lamba I-130. A nan shi ake fara bincika. In ya ce shi ɗan ƙasa ne, sai ya kawo takardar haihuwarsa ta can, ko fasfonsa, ko shaidar da aka ba shi ranar da ya zama ɗan ƙasa. Sa'an nan ya haɗa da takardar aure, da shaidar ƙarewar duk wani aure da shi ko ita suka taɓa yi, ko ta saki ko ta mutuwa. In an karɓi roƙon, sai a miƙa shi ga wata cibiya ta ma'aikatar harkokin waje mai tattara takardun biza, a nan ne ake ce wa matar ta kawo takardar haihuwarta da ta 'yan sanda da fasfo, shi kuma ya sa hannu a kan alkawarin zai ɗauki nauyinta. Daga ƙarshe a kira ta ganawa ido da ido, wadda ga mutanen Nijeriya a Ikko ake yinta, ta zo da ainihin takardun a hannu. Wannan tafiya takan ci fiye da shekara, kuskure guda cikin takarda guda kuwa yana iya ƙara mata watanni.

Abin da ake karantawa a jikin takardar shi ne suna, da rana, da wuri, da sunayen iyaye biyu. Ranar haihuwa ita ce ta fi cizo. Ingila ba ta ba da bizar aure sai miji da mata duka sun cika shekara 18, haka ma Kanada, wadda a 2015 ta ɗaga wa'adin daga 16 zuwa 18. A nan akwai abin lura ga mu masu lissafi da wata. Shekararmu ta Hijira kwana 354 ce, tasu 365, watau muna riga su da wajen kwana 11 kowace shekara. Yarinyar da uwarta ta ƙirga mata azumi goma sha takwas cif, a lissafinsu ba ta cika ba, da sauran wata shida da 'yan kwanaki. Uwar ba ta yi ƙarya ba, ma'aikacin ma bai yi zalunci ba, ma'auni ne ya bambanta. Sunayen iyaye kuwa da su ake gane cewa wadda aka kira mata ba ƙanwa ba ce, kuma wata rana in matar ta zama 'yar ƙasa ta so ɗauko mahaifiyarta, wannan takarda dai za a janyo a duba sunan da ta rubuta tun farko. Sai kuma 'ya'ya. A dokar Amurka ɗa yana cikin hukuncin yaro muddin bai kai 21 ba, bai kuma yi aure ba. Agola kuwa ba a lissafa shi ɗan mijin uwarsa sai in an ɗaura auren kafin ya cika 18. Kun ga ke nan wata guda a kan takarda yana iya raba uwa da ɗanta, ita ta tafi shi ya zauna.

To, ina muke cikin wannan al'amari? Gaskiya ita ce mun yi jinkiri, jinkirin kuwa yana da dalili. Kakanninmu sun san rubuta sunan mutum a littafin hukuma ba ya zuwa sai da haraji a bayansa, kamar yadda ƙirga shanu ba ya zuwa sai da jangali. Ranar da dagaci ya ce a kawo sunayen yara, kowa ya san makarantar boko ake nema wa, sai a ɓoye su a rumbu ko a tura su ƙauye. Ga kuma al'adarmu ta ƙin ƙirga 'ya'ya a bainar jama'a don tsoron baki, ga kunyar ɗan fari da ke hana uwa ta ambaci sunansa. Ƙidayar da aka yi a 1962 an soke ta, ta 1973 ma an soke ta saboda gardama, wannan duk bai ƙara wa talaka amincewa da mai ƙirga ba. An daina karɓar haraji da jangali a jihohin Kano da Kaduna tun 1979, amma tsoron littafin hukuma ya daɗe bayan dalilinsa ya wuce.

Dokar da ake aiki da ita a Nijeriya ita ce mai lamba 69 ta shekarar 1992, wadda ta wajabta rubuta haihuwa da mutuwa, ta ɗora aikin a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ta kuma ba iyaye kwana 60 su kai labarin haihuwa. Binciken da aka yi a 2018 ya nuna cikin yara ɗari da ba su kai shekara biyar ba, wajen 43 kaɗai aka rubuta. Wani binciken na 2021 ya ce sun kai 57, amma da aka rarraba shi jiha jiha sai aka ga Ikko ta haura 90, alhali Sakkwato da Jigawa ba su kai rubu'i ba. Waɗannan kuwa yaran yau ne. Matan da ake nema wa biza yanzu an haife su shekara ashirin ko talatin da suka wuce, yawancinsu a ɗaki, a hannun ungozoma, lokacin da lissafin ya fi haka muni.

Saboda haka takardun da ke hannun mutane iri iri ne, ya kamata kuwa a san darajar kowace, don ba ɗaya suke ba. Ta sama ita ce wadda Hukumar Ƙidaya ta bayar tun mutum yana ƙarami. Wanda aka haifa kafin dokar 1992, in yana da tsohuwar takarda ta En'e ko ta ƙaramar hukuma, ya riƙe ta da kyau, kada ya raina ta don ta yi ja ta yayyage, tsufan nan shi ne kuɗinta. Wanda ya wuce shekara 18 ba a taɓa rubuta shi ba, hukumar tana ba shi wata takarda ta tabbatar da haihuwa, bayan wani babba daga danginsa ya je kotu ya yi rantsuwa a kan shekarunsa. Ita takardar rantsuwar, wadda mutane da yawa suke ɗauka ta isa, faɗar mutum ce kawai da aka buga wa hatimi, akawun kotu bai halarci haihuwar ba. Katin asibiti da katin allurar rigakafi su ma ba takardar haihuwa ba ne, amma a adana su, za a ga amfaninsu nan gaba kaɗan.

Dokar Amurka ta tsara abin hawa hawa, kamar yadda malamin fiƙihu ke jera hujjoji. In babu takardar asali, sai mai nema ya fara tabbatar da cewa babu ita, ta hanyar kawo wasiƙa daga hukumar da ya kamata ta ajiye ta. Sa'an nan ya kawo hujja ta biyu, watau rubutun da aka yi tun da daɗewa don wata bukata dabam, kamar rajistar makaranta, ko ta asibiti, ko ta wurin ibada. In wannan ma babu, sai shaidar mutum biyu ko fiye, a rubuce bisa rantsuwa, waɗanda ba su da hannu cikin roƙon, suka kuma san haihuwar da kansu, kowane ya faɗi sunansa da mazauninsa da dangantakarsa da ita da yadda aka yi ya sani. Takardar da aka yanka bayan mutum ya girma, musamman wadda ranar bayar da ita ta zo daf da ranar neman biza, ba a jefar da ita, amma ba a barinta ta tsaya ita kaɗai, sai an auna ta da sauran hujjoji. Duk rubutun da ba da Ingilishi aka yi shi ba, ko Larabci ne ko ajami ko Faransanci, hukumar shige da fice tana son a haɗa shi da fassara, mai fassarar ya sa hannu cewa ya iya harsunan biyu, kuma bai ƙara ba bai rage ba.

Almajirin da ya karanta Risala ba zai ga baƙon abu a nan ba. A cikinta an karɓi shaidar mata biyu a kan abin da maza ba su halarta, haihuwa kuwa ita ce farkon misalinsa. Mai Tuhufa ya lissafa aure da haihuwa cikin abubuwan da ake karɓar shaidar ji a kansu, watau mutum ya ce tun da ya tashi yake jin amintattu da waɗansunsu suna faɗin haka. Bambancin da ke tsakani shi ne, shaidar ji tana aiki a wurin alƙalin da ke zaune cikin garin da labarin ya watsu, wanda ya san waye adali waye ba adali ba. Ma'aikacin Ikko ba ya cikin garin, don haka ya ce sai wanda ya gani. Rubutu kuwa mu ne muka fi cancanta da shi. Ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Sayyidina Umar shi ya kafa diwani aka rubuta mutane bisa danginsu, an kuma ruwaito cewa abin da ya jawo kafa lissafin Hijira shi ne wata takarda da aka kawo masa an rubuta wa'adinta Sha'aban, ba a san ko na bana ba ne ko na bara ko na baɗi. Mutanen da ke da wannan gado bai kamace su a ce ba su san shekarar haihuwar 'ya'yansu ba.

Sai dai ni a ganina rashin takarda ya fi sauƙi bisa ga takardun da ke ƙaryata juna, nan ne kuwa yawancin mutanenmu ke faɗuwa. Mu ɗauki suna. An raɗa wa yarinya A'ishatu, a gida ana ce mata Indo ko Ladi don alkunya. Ranar da aka kai ta firamare malami ya rubuta ta da sunan yayanta da ya riƙo hannunta, a sakandare aka rubuta ta da sunan mahaifi, da ta yi aure aka yanka mata katin ɗan ƙasa da sunan miji, a banki kuma aka haɗa biyu. Ita mutum ɗaya ce, a takarda ta zama huɗu. Maza ma haka ne. Tun zamanin makarantun Turawa aka saba liƙa wa yaro sunan garinsu, shi ya sa muke da Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Balewa, ba kuwa sunayen iyayensu ba ne. Baturen da bai san wannan ba, in ya ga sunan ƙarshe na ɗa ya saɓa da na uba, sai ya sa alamar tambaya. Ga kuma rubutun haruffa. Muhammadu ɗaya ne a ajami, amma a boko ana rubuta shi ta fuska biyar ko shida, in kuwa aka ƙetara Maraɗi ko Damagaram, inda akawu ke bin ƙa'idar Faransanci, sai Usman da Yusufu da A'ishatu su fito da wata kama dabam.

Rana ma haka. Iyayenmu suna lissafi da abin da ya faru: shekarar zuwan Sarauniya, watau 1956, ko shekarar da aka kashe Sardauna, 1966, ko ta canjin kuɗi daga fam zuwa naira, 1973, ko ta rikicin Maitatsine, 1980. Wannan lissafi ne mai kyau, yana ba da shekara, amma ba ya ba da rana, sai akawu ya cike gurbin da 1 ga Janairu, har ka ga gida guda mutum biyar ranar haihuwarsu ɗaya. A ƙasashen da Faransa ta mallaka an daɗe ana rubuta wa mutum cewa an haife shi wajajen shekara kaza. Ko inda aka san ranar ma akwai tarko. Mu yininmu daga magariba yake farawa, yarinyar da aka haifa bayan isha'i ranar Alhamis a wurinmu 'yar daren Juma'a ce, Jummai za a ce mata, alhali a kalandar boko Alhamis ba ta ƙare ba. Mutanen Amurka kuwa wata suke fara rubutawa kafin rana, in ka rubuta 3/7 kana nufin 3 ga Yuli, su 7 ga Maris za su karanta. Duk wannan kuskure ne na rashin sani, ana gyara shi da bayani da rantsuwa. Wanda ba ya gyaruwa da sauƙi shi ne na ganganci, watau rage shekaru don jarrabawa ko neman aikin gwamnati ko gudun ritaya, abin da ya zama ruwan dare har ba a jin kunyarsa. Mai shekarun gida dabam da shekarun aiki dabam, ranar da aka jera takardunsa a tebur ɗaya ba ya da bakin magana.

Daga nan ne dillalan takardu ke samun kasuwa. Suna zaune a inuwar ofisoshi, su ce ka kawo kaza a yanko maka takarda mai tsohuwar rana da hatimi, kafin la'asar. Fatake sun fi kowa sanin cewa kayan da aka yi wa araha irin wannan akwai abin da ke ciki. A dokar Amurka, wanda aka kama ya yi ƙarya da gangan a kan abin da hukunci ya rataya a kai, an hana shi shiga har iyakar ransa, sai fa in an yi masa afuwa ta musamman, wadda ba ta samuwa da sauƙi. Watau matar da rashin takarda zai jinkirta wata shida, takardar jabu tana iya raba ta da gidan mijinta har abada. Ni kaina akan zo zaurena a ce in sa hannu cewa na halarci sunan wance, alhali a shekarar ina gabas wajen karatu. Nakan ce a nemo ungozoma in tana raye, ko gwaggo, ko wanzamin da ya yi askin suna, su ne suka gani. Mai roƙon yakan tashi da fushi yana ganin na ƙi taimako, amma shaidar zur tana cikin manyan zunubai ko a gaban wa aka yi ta, ba a ce ta halatta ba don wanda za a ruɗa ba Musulmi ba ne.

Akwai wata ƙarya da ta fi wannan nauyi, mutane kuwa suna yinta da kyakkyawar niyya. Mutum yana riƙon ɗan ɗan'uwansa marigayi, sai ya rubuta shi cikin 'ya'yansa don kada a bar maraya a baya. Ko kuwa mai mata biyu, da ya ji Amurka da Kanada ba su san mata biyu ga miji ɗaya ba, sai ya rubuta 'ya'yan amarya a kan sunan uwargida. Tausayin gaskiya ne, amma Shari'a ta hana danganta ɗa ga wanda bai haife shi ba, domin gado da muharramaka duk a kan nasaba suke tsaye, takardar kuwa za ta rayu bayan waɗanda suka san gaskiya sun mutu, jikoki su zo su yi shari'a da ita. Ta fuskar duniya ma ramin ƙurarre ne. In ma'aikaci ya yi shakka yakan ba da shawarar a yi gwajin asali da ake kira DNA, a shafo yawu daga cikin kumatun ɗa da na uwa ko uba, mai nema shi ke biya. Gwajin ba ya faɗin shekaru, ba ya tabbatar da aure, amma a kan wane ya haifi wane ba ya jin roƙo.

Kada kuma a zaci wannan mas'ala ta masu ƙetare teku ce kaɗai. Bakatsinen da ya auro daga Maraɗi, da Bakanon da ya auro daga zangon Kumasi ko Garwa ko Fallatan Sudan, su ma baƙuwa suka aura a idon doka, ko da 'yar gwaggonsu ce. Sashe na 26 na tsarin mulkin 1999 ya ba matar da ɗan Nijeriya ya aura damar a rubuta ta 'yar ƙasa, ana kuwa neman shaidar aure da ta haihuwarta da ta asalin mijin. Bai ba mijin 'yar Nijeriya irin wannan dama ba, da aka kawo ƙudurin gyara a watan Maris na 2022 majalisa ta ƙi shi, alhali Nijar ta ba matanta wannan haƙƙi tun 2014. A Nijar in wa'adin kai labarin haihuwa ya wuce, sai an je gaban alƙali da shaidu ya yanke hukuncin da zai tsaya a madadin takardar. Mun daɗe muna sakaci da wannan don yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta 1979 ta ba kowa kwana 90 ba biza, kan iyaka kuma gonar wani ce ta ratsa. Amma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar a watan Janairu na 2025. Dattawan zango kuma ba su mance da watan Nuwamba na 1969 ba, sa'ad da gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana, aka kwaso mutane cikin manyan motoci, har da waɗanda a can aka haife su ba su san wani gida ba.

Yanzu sai mu zo ga abin da ya mai da wannan magana ta yau. A farkon 2020 gwamnatin Amurka ta dakatar da bizar zama ga 'yan Nijeriya, ta kafa hujja da cewa ƙasar ba ta cika sharuɗɗan tantance mutane da musayar labari ba, har gwamnatin Buhari ta kafa kwamiti ƙarƙashin ministan cikin gida. A Janairu na 2021 sabuwar gwamnati ta ɗage wannan. A watan Yuni na 2025 aka rufe ƙofa ga ƙasashe 12, cikinsu da Chadi da Sudan, amma aka bar taga ga mata da 'ya'ya da iyayen 'yan ƙasa in sun kawo hujja bayyananna a kan ko su wane ne da kuma dangantakarsu. A watan Disamba na wannan shekara aka ƙara Nijar cikin waɗanda aka rufe wa gaba ɗaya, aka sa Nijeriya cikin waɗanda aka dakatar wa bizar zama da waɗansu bizoji, aka kuma toshe tagar nan ta iyali, abin ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026. Cikin dalilan da aka jera a kan ƙasashen baki ɗaya har da rashin amincin takardun hukuma da rashin tsarin rubuta haihuwa.

Hukuncina a kan wannan kashi biyu ne, ba kuwa daidai suke da nauyi ba. Hana mace mai takardu sahihai zuwa wurin mijinta don laifin waɗansu da ta haɗa ƙasa da su, wannan kama wani ne da laifin wani, siyasar cikin gidansu kuma tana da hannu a ciki fiye da yadda suke faɗi. Amma ba mu da ikon siyasarsu. Abin da ke hannunmu shi ne hujjar da muka miƙa musu da kanmu, domin ƙasar da ake yanka takardar haihuwa a gindin bishiya ta zubar da darajar takardar kowa, ta mai gaskiya da ta maƙaryaci. Ƙofar da aka rufe a 2020 an buɗe ta bayan shekara guda, irin wannan ƙofa kuwa ranar da ta buɗe mai takarda a hannu shi ke fara shiga, ba a fafe gora ranar tafiya. Ingila da Kanada da ƙasashen Larabawa ma kowace da nata sharuɗɗan, kamar Ingila da tun Afrilu na 2024 take son mijin ya nuna yana samun fam 29,000 a shekara, amma ba wadda ta yafe sanin asalin wanda za ta bari ya zauna.

A watan Nuwamba na 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da tsarin rubuta haihuwa da mutuwa ta kwamfuta, wanda zai sa a iya duba takarda daga nesa a gane ta gaskiya. Wannan ya yi kyau, sai dai kwamfuta ba ta zuwa gidan suna, mu muke zuwa. Ba jaririn da ake haifa a ƙasar Hausa, birni ko ƙauye, face ranar bakwai an tara mutane da sassafe, malami ya raɗa suna, an shafa fatiha. Ma'aikacin ƙidaya bai san an yi haihuwar ba, amma liman ya sani, mai unguwa ya sani, ungozoma da wanzami sun sani, saura kuma kwana 53 cikin wa'adin doka. Tun da can gidajen malamai sun saba rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu a bangon littafi, abin da ya rage shi ne a faɗaɗa wannan ga 'ya'yan jama'a. Kowane masallacin unguwa ya ajiye littafi ɗaure mai lambar shafi, a rubuta sunan yanka da sunan uba da na kaka da cikakken sunan uwa, ba 'yar wane ko matar wane ba, da ranar haihuwa ta Hijira da ta boko gefe da gefe, da sunan ungozoma da na shaidu biyu. A rubuta sunan da ajami, a kuma rubuta shi da boko sau ɗaya, a ce wa uban wannan rubutun zai bi a makaranta da asibiti da ko'ina. Littafin masallaci ba zai tsaya a madadin takardar Hukumar Ƙidaya ba, don haka kafin a watse a sa wa uban ranar da zai je ofishinsu a ƙaramar hukuma, in ya karɓo ya kawo a rubuta lambarta a gefen sunan.